Noti a Bayan Hannuna

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, Mai Cetona. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayenmu mata, 'yan'uwana maza, salama a gare ku. Ku yabi Ubangiji!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ishaya, mijin Saratu ta zumuntar mata. Direban babbar mota ne ni, tsohuwar nan mai dogon hanci, wadda in ta tashi daga tasha sai rabin Mafara ya san ta tashi. Shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, nake ɗaukowa daga Maradun da Bakura in kai wa masu injin casa. Na fi shekara ashirin a garin nan, ko da yake har yau abokan aikina suna yi mini tsiya wai harshena ya ƙi juyawa ya koma na Zamfara. Ban saba magana a gaban jama'a ba, in kun ga na tsaya ina share gumi ku yi mini haƙuri.

Kun ga abin da na riƙe? Na baya ba za su hango ba. Noti ne, irin wanda ake ɗaure ƙarfe da shi. A kansa shaidata take.

Mu direbobin tsofaffin motoci, gareji ba wurin zuwanmu ba ne. Inda mota ta mutu, nan garejinka yake. Ka karyo ganye ka jera a kan hanya gaba da baya don masu zuwa su rage gudu, ka sa wa tayoyi waigi kada ta gangara, ka tuɓe riga ka fara aiki. Na canza sifirin a bakin hanya, na buɗe kan inji a ƙarƙashin bishiya. Amma aikin da ya fi kowanne shi ne in farantin kuloci ya ƙone, domin ba ka isa gare shi sai ka sauke giyabos gaba ɗaya. Giyabos ɗin motata ya fi buhun shinkafa uku nauyi.

Masu gareji suna da sarƙa da ƙugiya. Mu gungume da igiya gare mu. Za ka cire faifan ƙasa na cikin gidan direba, sai ga giyabos a ƙarƙashinka. Ka gitta gungumen ice daga wannan taga zuwa waccan, ka naɗa masa igiya sau biyu, ka zura bakinta ta ramin a ɗaure giyabos. Mutum ɗaya ya zauna a sama ya riƙe igiya yana saki kaɗan-kaɗan. Ɗaya kuma ya kwanta rigingine a ƙarƙashin mota, ya zare giyabos daga jikin inji, ya bi da shi har ya sauka a kan tsohuwar taya. Ƙirjin na ƙasa yana daidai ƙarƙashin ƙarfen nan, ba abin da ya raba su sai hannun na sama.

Wanda ya koya mini wannan aiki marigayi Baba Garba ne. Mu biyu ya koya wa a lokaci ɗaya, ni da Mamman, mutumin Ruwan Gizo. Baba Garba yana da wata doka da ba ya ɗaga wa kowa. Kafin mutum ya taɓa igiya sai ya ce, “Miƙo hannu.” Ka miƙa hannu a kife, ya ɗora maka noti a bayansa, ya tsaya yana kallo. In notin ya zauna, hau ka riƙe. In ya yi rawa ya faɗi, ko yunwa ce ko zazzaɓi ko rashin barci, ranar ba ka da rabon igiya, sai dai miƙa sifana.

Tun daga lokacin muka raba aiki ni da Mamman. Shi siriri ne, ko'ina yana shiga, sai ya zama na ƙasa. Ni kuwa kun ga yadda Allah ya yi ni, sai na zama na igiya. Motarsa ce ta mutu ko tawa, haka muke yi. Shi Musulmi, ni Kirista, ba mu taɓa samun saɓani a kan wannan ba. In lokacin salla ya yi a bakin hanya ni ke tsare masa kaya. Ran Kirsimeti yaransa ke fara isowa gidana. Bayan rasuwar Baba Garba mun ci gaba da ɗora noti na ɗan lokaci, daga baya muka bari. Mun zama manya, mun san juna, sai abin ya zama kamar raini.

To, 'yan'uwa, ga inda kunyata take.

Shekara bakwai ina shan ƙwaya. Ni ɗin nan da kuke gani a benci na uku kowace Lahadi, ni da nake ɗaukar kujeru in an yi taro. Da ciwon baya ta fara. Wani a tasha ya ba ni guda biyu ya ce in gwada. Na sha, na ji kamar an cire mini shekara goma. Na yi lodi, na yi tuƙi, na canza taya ni kaɗai ina waƙa. Daga biyu ta koma huɗu, daga nan kuma na daina lura. Can sai ya zama ba don in ji ƙarfi nake sha ba, don in iya tsayuwa kawai kamar sauran mutane. In ta kwana ɗaya ba ta shiga jikina ba sai hamma, sai majina, sai gumi mai sanyi, sai hannuwana su kama rawa.

Ban taɓa kiran kaina ɗan ƙwaya ba. 'Yan ƙwaya su ne waɗancan da ke tangaɗi a bayan kasuwa. Ni magidanci ne, magani nake sha don aiki. Haka na riƙa gaya wa kaina, har a cikin addu'a ba na kawo maganar. Ina roƙon Allah ya tsare hanya, ya tsare iyali, amma wannan ɗaya na ɓoye ta kamar shi ma ba ya gani.

Bara da bazara, lokacin yankan shinkafar rani, na je Maradun na yi lodi da safe. Tafiyar kusa ce, ni kaɗai nake. Ƙwayata ta ƙare tun jiya da rana, amma na ce ba komai, kafin azahar ina Mafara, in sauke kaya in biya wurin mutumina mai sayar mini da ita. Na baro gari ke nan da ɗan nisa, a wani hawa, sai na ji wari. Na taka mai, inji na ihu, mota ba ta gaba. Kuloci ya ƙone ƙurmus.

Na samu na gangara gefe, na sa waigi, na jera ganye, na kira Mamman a waya.

Ya ce, “Kai da tsohuwar matar taka kuma? Mi yas same ta?”

Motar yake nufi, haka yake kiranta. Na gaya masa.

Ya ce, “Kak ka damu, ga ni nan tahe. Kwance abin da ka iya kwancewa kahin in iso.”

Na iya ce masa ya sayo mini farantin kuloci. Ɗaya abin da jikina ke kuka a kansa, ban iya ce masa ya sayo ba.

Sai bayan azahar ya iso a kan babur ɗin kabu-kabu, faranti a ɗaure a bayansa. Kafin nan na cire furofela, wato sandar ƙarfen da ke haɗa giyabos da tayoyin baya, na buɗe faifan ƙasa, na samo gungume na gitta. Kafin nan kuma hamma ta fara. Ina jin tafin hannuna yana jiƙewa. Da na hango shi sai na cusa hannuwa a aljihu.

Kun san halin da hanyoyinmu suke ciki, ba wanda ke so magariba ta same shi a daji da mota cike da kaya. Saboda haka ba mu tsaya dogon zance ba. Mamman ya tuɓe riga, ya shimfiɗa buhu, ya dube ni ya ce, “Lahiya kake kuwa? Idonka ya yi ja.”

Na ce rana ce.

A ƙasa kusa da ƙafarsa akwai notocin furofela da na tara a cikin gwangwani. Na ga ya dube su. Na ce a raina yau zai tuna da Baba Garba. Sai kawai ya ture gwangwanin gefe don kada ya zube, ya ce bismillahi, ya sulale ƙarƙashin mota.

A nan ya kamata in yi magana. Na san hannuna, na san abin da noti zai yi in an ɗora shi. Amma na yi shiru, na hau na zauna, na tokare ƙafafuna, na kama igiya. Na zaɓi mutuncina a kan ƙirjin abokina. Ba wani suna da zan ba abin da ya wuce wannan.

Ya kwance kusoshin da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Ina hango kansa ta ramin. Ya ce, “To, ga shi nan zuwa, riƙe da kyau.” Ya girgiza giyabos, ya ja shi baya, sai nauyin duka ya faɗo a kan igiya.

Nan take rawar ta zo. Ba hannu kaɗai ba, har kafaɗa. Gumi ya sa igiyar ta yi santsi. Ina ji ina gani ta zame mini kamar taƙi ɗaya, na ji ƙarfe ya daki ƙarfe.

Mamman ya ce, “Sannu-sannu, Ishaya! Mi kaka yi haka?”

Yatsuna suna buɗewa da kansu. Sai na rufe ido na ce, “Yesu, ka taimake ni! Kada ka bar jinin mutumin nan a hannuna!”

'Yan'uwa, ni ƙarfi na roƙa. Amma abin da Ubangiji ya fara yi shi ne ya buɗe mini baki. Maganar da na danne shekara bakwai ta fito da kanta, da ƙarfi, har cikin gonaki: “Mamman, fita! Hannuna ba shi da kyau! Ƙwaya nake sha, yau ban samu ba! Fita!”

Sai na ji muryarsa a hankali: “Ba ni iya hita. Hannuna ya maƙale.”

Da igiyar ta zame, giyabos ya karkace ya danne masa dantse a jikin ƙarfen mota. In na ƙara saki ko kaɗan, hannun ya tafi, ƙirji ya biyo baya. Ja sama kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Ya ce, “Riƙe kawai.”

Na naɗa igiyar a dantsena, na kwanta baya da dukan nauyina. Ina kiran sunan Yesu da baki, shi yana salati a ƙasa. Ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Allah in ce rawar ta tsaya ba. Jikina bai daina ɓari ba, haƙorana suna haɗuwa. Amma igiyar nan ba ta ƙara motsi ba ko na ƙwayar gero. Ni na san hannun da nake da shi a ranar, bai isa ya riƙe kofin shayi ba. Wani ne ya riƙe. Haleluya!

Ihun da na yi, ashe wani dattijo da ke yankan shinkafa a gefen hanya ya ji. Ya yar da lauje ya taho da gudu, shi da ƙanensa. Ya leƙo ya ce, “Subhanallahi! Lahiya?” Bai jira amsa ba, suka hau suka kama igiya a bayana, muka ja sama kaɗan. Mamman ya zare hannunsa, ya mirgina ya fito. Sannan muka sauke giyabos a kan taya.

Ga tabon igiyar nan a hannuna, mai so ya gani bayan sujada.

Mamman ya je gindin wata bishiya ya zauna yana murza dantsensa, ya kumbura ya yi baƙi. Na je na tsuguna a gabansa. Na so a ce ya zage ni, ko ya mare ni. Bai yi ko ɗaya ba.

Ya ce, “Shekara nawa kana shan abin ga?”

Na ce bakwai.

Ya jinjina kai. “Shekara bakwai ina shiga ƙarƙashin igiyarka. Ɗiya shidda gare ni, Ishaya. Kai ka san sunan kowane.”

Na fashe da kuka, ƙato da ni, a gaban manoma.

Ya ce, “Har da laihina. Na ga noti, na ji kunyar aza maka.”

Ya tashi ya yi alwala da hannu ɗaya ya yi la'asar. Da ya idar muka ƙarasa aiki, don mota ba za ta kwana a nan ba. Ya sa sabon faranti, dattijon nan da ƙanensa suka riƙe igiya aka mayar da giyabos. Ni kuwa, mai motar, Mamman ya nuna mini gwangwani da akwatin kayan aiki ya ce, “Kai miƙo sifana.” Muka shigo Mafara rana tana gab da faɗuwa, yana zaune a gefena, ya juya fuskarsa wajen taga.

Da na isa gida na zaunar da Saratu na ce ina da maganar da za ta girgiza ta. Na faɗa mata komai. Ta dube ni ta ce, “Baban Rahila, wa kake tsammani yake wanke wandunanka?” Ashe shekara da shekaru tana tsintar fankon ƙwaya a aljihuna. Ta taɓa yi mini maganar sau ɗaya, na yi mata tsawa, ni har na manta. Tun daga ranar ta bar ni ta koma gaya wa Allah. Mata, ku ci gaba da durƙuso, ana ji!

Washegari ta rako ni wurin Baba Fasto. Ya yi mini addu'a, sannan ya ce in tashi mu je asibiti, domin Allah yana aiki ta hannun likita ma. Likita ya ce kada in yanke gaba ɗaya, ya tsara mini yadda zan riƙa ragewa. Na ajiye mota wata biyu. Ban taɓa shan wuya irin ta waɗannan makonni ba. Ƙasusuwana kamar ana sara, abinci ba ya zama, ina jin haushin kowa har kajin gida. 'Yan zumuntar maza suna zuwa bi da bi su zauna da ni. Ɗan'uwa Luka, na gode, na san na yi maka rashin kunya ranar nan, ka yafe mini.

Kuma na faɗi sau ɗaya, gara ku sani. A mako na uku, ran Talata kasuwa na ci, na sulale cikin jama'a na je wurin mutumina na saya na haɗiye. Amma wannan karon ban iya ɓoyewa ba. Na dawo gida na faɗa wa Saratu da bakina, muka durƙusa tare, muka sake farawa.

Kowace safiya bayan addu'a sai in ɗauki noti in ɗora a bayan hannuna. Ya faɗi. Gobe ma ya faɗi. Saratu ta gaji da shiga ƙarƙashin gado nemo shi, har ta ce za ta ɗaura masa zare. Wata safiya, damina ta yi nisa, na ɗora shi ya zauna. Na kira ta ta zo ta gani, muka tsaya muna kallon noti kamar waɗanda aka yi wa haihuwa.

Na koma aiki, jiki ya dawo. Abu ɗaya ne bai dawo ba. In na haɗu da Mamman a tasha yakan gaishe ni, gaisuwa cikakkiya: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina aiki, ina ruwa, har ƙarshe. Irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da ake girmamawa. Mutumin da shekara ashirin ba ya ganina bai taɓa tumbina ya ce wata nawa ba! Na ji labari motarsa ta mutu a hanyar Bakura, ya kira wani. Ban ga laifinsa ba, amma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na ce, Ubangiji, ka gafarta mini, na sani. In ka ga dama ka mayar mini da ɗan'uwana, in kuma ba ka ga dama ba, na gode da ka bar shi da rai.

Watan jiya ina wanke mota da hantsi sai waya ta yi ƙara. Mamman ne. Ba gaisuwa, ba komai.

Ya ce, “Ina hanyar Damri, kuloci ya ƙone. Igiyarka tana nan?”

Na ce tana nan.

Ya ce, “To, taho da ita.”

Na same shi ya jera ganye, ya gitta gungume, ya shirya komai. Akwai mutane a wurin, masu babura da 'yan kasuwa da suka tsaya jaje, cikinsu har da ƙarfafan da za su iya riƙe masa. Na ajiye igiya na ja gefe, a zatona aronta kawai yake so.

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da noti. A gaban kowa ya ce, “Miƙo hannu.”

Na miƙa. A zuciyata na ce, Yesu, ga hannun nan, naka ne. Ya ɗora. Ya tsaya yana kallo, ya daɗe, ya fi yadda Baba Garba yake daɗewa. Mutane suka zuba ido, ba su san me ake yi ba.

Notin bai motsa ba.

Ya ɗauke shi ya jefa mini a aljihun riga. Ya bugi cikina da bayan hannu ya ce, “Wanga tumbi dai ko ciwo bai rage shi ba. Hau ka riƙe.” Ya ce bismillahi, ya kwanta, ya shige ƙarƙashin mota.

Na hau na kama igiya, hawaye na zuba, ba hannun sharewa. Muka sauke giyabos lafiya, muka mayar lafiya.

Shi ne wannan notin da na nuna muku.

Na gode wa Allah Uba da bai bar ni na zama mai kisan kai ba. Na gode wa Yesu da ya riƙe igiyar da ni ban iya riƙewa ba, ya kuma raba ni da ƙwaya. Na gode wa matata, da Baba Fasto, da ku duka. Ku sa Mamman da iyalinsa a addu'a, da dattijon nan mai lauje da ban ko tambayi sunansa ba.

In akwai wanda ke zaune a nan da hannunsa a aljihu, yana ɓoye abin da shi kaɗai ya sani, ɗan'uwana, kada ka jira sai wani ya kwanta a ƙarƙashin igiyarka. Fito da hannun yau, ko yana rawa, ka miƙa wa Yesu. Nawa ma yana rawa ya karɓa.

Ubangiji ya albarkace ku. Amin.